Wata takwas ke nan ban taɓa buroshi ba, ku ba ni shawara

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙe ban taɓa tanka wa kowa ba, yau dai abin ya ishe ni. Wata takwas ke nan ban taɓa buroshi ba. Aikina na ƙarshe hoton wani dattijo ne da ya rasu, 'ya'yansa suka ba ni, da fentin mai a kan kanbas, ƙafa uku da biyu. Sati uku na yi a kansa. Ranar da na kai, babbar 'yar sai da ta yi kuka, ta ce kamar a kira shi ya amsa. Bayan wata huɗu suka kira ni. Fuskar duk ta tsage, goshin nan kamar ƙasar fadama da rani. Na je na karɓo, na mayar musu da kuɗinsu, yanzu haka yana bayan ƙofa na juya shi yana kallon bango. Akwai sabon kanbas da na saya da kuɗi masu ciwo, har yau a ledarsa yake. Kullum cewa nake sai na sami ɗakin kaina da kayan aiki na kirki. Ku faɗa min gaskiya, kayan ne matsalata ko ni ne ban iya ba?

Usta Mai Fenti: Wa alaikumus salam. Kafin a fara maka wa'azi, faɗa mana yadda ka yi aikin daki-daki. Me ka shafa wa yadin tun farko? Da me kake sirka fentin? Ka sa banish?

Ɗan Fagge: Farin fentin bango na shafa masa sau biyu da ɗan gam. Shafin ƙasa na yi shi da kauri, na zuba man linsid, man da ake dama fentin mai da shi, sosai don ya yi santsi. Bayan kwana uku da na zo gyaran fuska man ya ƙare, sai na riƙa sirkawa da kananzir. Suna ta kirana saboda dangi za su taru sadakar arba'in, shi ne na shanya shi a rana kwana biyu, na shafa masa banish irin na kafintoci, na kai.

Usta Mai Fenti: Innalillahi. Kai ai duk abin da aka ce kar a yi sai da ka tattara su a zane ɗaya 😂

Baban Khalifa: Usta a bi shi a hankali. Ɗana, hannun da ya sa 'yar mamaci kuka ba shi ya tsaga zanen ba. Jerin aikin ne ka juya. Fentin mai ba ya bushewa irin bushewar wanki, wato ruwa ya fice ya bar yadi. Man ne yake shan iska yana daskarewa a hankali, daga sama zuwa ƙasa, mai kauri kuwa sai ya yi watanni cikinsa bai gama ba. Ka san tuwon da aka kwashe, sama ya yi ɓawo, ka danna yatsa ka ji ciki da laushi? Haka ƙasan zanenka yake ranar da ka ɗora masa na kananzir. Na saman ba mai a jikinsa, ya bushe ƙamas, ba ya iya miƙewa. Na ƙasan yana ta motsi yana takurewa, dole na sama ya dare. Ka zo ka ƙara masa da rana, sannan ka toshe masa hanci da banish.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Shafin farko siriri, mai kaɗan. Duk wanda ya biyo baya ya ɗan fi na ƙasansa mai, ko dai kar ya gaza shi. Banish ana jira wata shida, mai kauri har shekara, kuma ba na kafinta ba. Na kafinta yakan rine ya koma ruwan ɗorawa, in aka so cire shi kuma ba ya fita ta daɗi. In mai aiki na gaggawa ka ba shi zanensa haka nan, ka ce ya dawo da shi bayan babbar salla ka shafa masa.

Usta Mai Fenti: Malam, wa zai dawo da shi? Mutanenmu? Ni aikin gaggawa akirilik nake ba shi kawai, fentin nan da ake sirkawa da ruwa. Minti ashirin ya bushe, in ɗora wani. In ana son ƙyallin mai sai in yi ƙasan da akirilik in gama saman da mai. Amma kar wanda ya juya, akirilik a kan mai ba ya kamawa, ɓarewa yake kamar fatar albasa.

Ɗan Fagge: Na gwada akirilik da hunturu, a kan buroshi yake bushewa kafin in kai shi jikin zane.

Maman Ilham: Ƙanena wannan mai sauƙi ce. Nemi roba mai faɗi mai murfi, irin ta ajiye abinci. Ka shimfiɗa jiƙaƙƙen tsumma a ƙasa, ka ɗora takardar nan da ake shimfiɗa wa kek a kai, ka matsa kalolinka a kanta. Danshin yana ratsowa ta ƙasa. In ka tashi ka rufe, gobe ka tarar da su da rai. Ni har kwana uku suna kai min. In ka wuce haka dai za ka ji wari, fumfuna ta shiga.

Ɗan Fagge: Na gode Anti, na gode Malam. Wallahi na fahimci kuskuren. Sai dai ko jiya na fito da kanbas ɗin, na zauna ina kallonsa har aka kira isha'i, na mayar. Gani nake in na taɓa shi zan ɓata shi, kuma ba ni da kuɗin wani. Ga shekara 29, wasu yara 'yan sha takwas a Instagram suna abin da ban isa in yi ba.

Gardin Zayyana: Salamu alaikum. Ni ba ɗan boko ba ne a harkar nan, zayyanar allon sauka nake yi, amma bari in sa baki. Yaron da aka kawo makarantar allo, ranar farko ba a ba shi allon zayyana. Allo ake ba shi na katako, a rubuta, ya biya, ya wanke, ya shanya, a sake rubutawa. Da ya fara rubutu da kansa baƙaƙen kamar kaza ta bi ta kai. Ya wanke. Shekara nawa yana haka? Ni dai ban taɓa ganin almajirin da ya zauna yana kukan rubutun jiya da ya wanke ba, don ya san ba a allon abin yake zama ba, a ka da hannu yake zama. Allon zayyana guda ɗaya ne, ran sauka. Kai kuma ka ɗauko allon sauka ka ajiye a gabanka kana so ka koyi rubutu a kansa. Dole hannu ya yi rawa. Ina allonka na wankewa?

Maman Ilham: Alaramma ka gama magana.

Baban Khalifa: Allah ya ƙara sani Alaramma. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da zane ban taɓa faɗarta da kyau haka ba. To Ɗan Fagge ga allon wankewa. Je wurin mai shago ka karɓi kwalin taliya ko na sabulu, ka yayyanka kamar faɗin littafin rubutu, guda goma sha huɗu. Ka dama fentin bango da farin gam na kafinta, ka shafa sau biyu. Kullum kwali ɗaya, minti talatin, ka sa ƙararrawar waya, tana kaɗawa ka ajiye buroshi ko an gama ko ba a gama ba. Kwana huɗun farko fari da baƙi kawai, don ka ga duhu da haske ba tare da kala ta ruɗe ka ba. Yawancin zanen da ake cewa kalarsa ba ta yi ba, ba kalar ba ce, inda ya kamata ya yi duhu ne bai yi ba. Ka riƙa ƙanƙance ido kana kallon abin, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan inuwoyi su fito. Su za ka fara sawa, da babban buroshi. Ƙaramin nan mai tsini ka ba matarka ta ɓoye.

Daga kwana na biyar ka ƙara kala biyu, ja da rawaya mai ruwan ƙasa. Akwai wani mai zane ɗan Suwidin, Anders Zorn, ya rasu a 1920, an san shi da yin fuskokin mutane da kala huɗun nan kawai, kuma baƙin in ya haɗu da fari sai ya yi kamar shuɗi-shuɗi a kusa da ja. Abin da za ka zana: buta, albasa, takalminka, kofin shayi. Abin da ke gabanka, ba na cikin waya ba. Kuma kar ka ɗora ko ɗaya a Facebook.

Maganar shekaru kuwa, Van Gogh, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holand, yana da 27 ya ɗauki zane gadan-gadan, ya mutu yana da 37 a 1890. A shekara goman nan ya bar zanen mai sama da 800.

Usta Mai Fenti: Ya kuma mutu ƙaninsa ke ciyar da shi 😂 Malam da girmanka, amma a nan na saɓa maka. Ni ban taɓa zana albasa ba. Ina ɗan shekara sha biyu aka kai ni wurin mai rubutun allon shago, shekara biyu ina wanke buroshi da kananzir ina cike cikin haruffa kafin a bar ni in ja layi. Daga nan bayan manyan motoci: zaki, mikiya, dawisu, "Allah ya kiyaye hanya". Direba na tsaye a kanka, injin na kunne, kaya na jira. Nan hannu yake faɗawa. Yaron nan abin da ya rasa aiki ne mai kuɗi da ranar karɓa. A ba shi hoton amarya a ce ran Juma'a za a zo, ku ga in bai buɗe ledar nan ba. Ya buga hoton, ya ja masa layuka murabba'i-murabba'i, ya ja irinsu a kanbas, ya bi gida-gida. Ba kunya a ciki, da shi muke ciyar da iyali.

Baban Khalifa: Ban ce da kunya ba Usta, turawan da ma sun yi aiki da layukan nan ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Amma dubi abin da ka faɗa da bakinka: shekara biyu kana cike haruffa. Allon wankewarka ke nan, sai dai kai a kan allon mutane ka yi. Matsalata da hoton waya ita ce waya ta riga ta yanke hukunci kafin kai. Inuwa ta mayar da ita baƙi ƙirin, sama ta wanke ta fari fat, fatar mutum ta goge ta sumul. Ka sa baƙin mutum ya zauna a bakin zaure da la'asar ka dube shi da idonka. A goshi za ka ga shuɗin sama ya sauka, a ƙarƙashin haɓa jan ƙasa ya haska, kunne in rana na bayansa har ja yake yi. Wanda bai taɓa ganin wannan ba zai ɗauki ruwan ƙasa guda ya ƙara fari ya ƙara baƙi, fuska ta fito kamar an shafa mata toka. Wanda ya gani kuwa, ko hoton waya ka ba shi zai mayar da abin da wayar ta cinye.

Usta Mai Fenti: Wannan ta toka gaskiya ce, na sha fama da ita. Amma kwastoma ma fari yake so a ƙara masa 😂

Ɗan Birni (Damagaram): Sannunku da muhawara. Malam, maganar a fita a zana abu da ido tana da daɗin faɗa. Ni na gwada a tasha. Na zauna da kaye da kireyo, wato littafi da fensir, ina zana masu lodi, kafin minti goma yara sun yi min zobe, ba iska. Can wani ya zo ya ce wa ya aiko ni, me nake rubutawa game da motoci. Da ƙyar wani mai shayi da ya san babana ya raba mu. A zamanin nan na rashin tsaro ba na ganin laifinsa. Abin da nake yi yanzu, wurin mai shayin nake zama, na saba da shi, na zana shi na ba shi ya manna a teburinsa. Yanzu shi ke kore min yara, shi ke cewa wane zauna a zana ka.

Maman Ilham: Ku ma da kuke maza ke nan. Ni ina zan zauna a tasha? Da na yi aure na ɗauka zane ya ƙare, sai lalle da nake yi wa amare. Ɗaki ɗaya da falo, yara uku, ina wani ɗakin zane? Kayana duka a cikin tsohon gwangwanin biskit suke. Lokacina kuma tsakanin tafiyar yara makaranta da ɗora sanwar rana, wani lokaci minti arba'in, wani lokaci sha biyar.

Abin da ya cece ni katangar tsakar gidanmu ce. Akwai randa a gindinta da igiyar shanya. Na zana wurin nan ya fi sau sittin da kalar ruwa. Da farko don ba ni da wani abin zanawa ne. Daga baya na lura ba katanga ɗaya ba ce. Da hantsi ruwan hoda-hoda take, inuwar randa doguwa mai shuɗi. Da azahar fari take tas, inuwar ta shige ƙarƙashin randar. Da hazon hunturu ba inuwa sam, komai ya zama kalar kunun gyaɗa, kuma wannan ta fi kowacce wuya don ba inda za ka kama. Bayan ruwan farko ƙasanta ya yi duhu kamar makuba. Maigidan har tsokanata yake, wai katangar nan ta kusa fara karɓar kuɗin hoto. Sai daga baya Malam ya gaya min wani Bafaranshe, Monet, ya yi irin haka da tarin damman hatsi a gona wajen 1890, ya zana su kusan sau 25. Na ce ashe ba ni kaɗai ce mahaukaciyar ba.

Ɗan Fagge, ɗakin da kake jira, in ya zo za ka ce sai an sa masa fanka.

Abu Hanan: Ni tambaya ce da ni, ba don in ɓata wa kowa ba. Duk wannan zanen fuskar mutane da kuke ta magana, ina kuka kai hadisan da suka yi magana a kan masu sura? Wataƙila ma tsagewar nan ishara ce.

Usta Mai Fenti: To fa. An zo wurin.

Gardin Zayyana: Tambayarka a kan hanya take Abu Hanan, hadisan sun inganta, ba mai musu. Inda malamai suka rabu shi ne me ake nufi da surar. Abin da muka karanta a littattafan Malikiyya, wanda aka haramta kai tsaye shi ne mutum-mutumi na abu mai rai, cikakke, mai inuwa. Na shafe a takarda ko yadi sun sa shi a makaruhi ko abin da barinsa ya fi. Wasu malaman kuma sun hana duka, mai inuwa da mara inuwa. Ni kaina ba na zana mai rai. Amma maganar ishara ka bar ta, Malam ya riga ya gaya mana kananzir ne.

Maman Ilham: Ni ma ba na yin fuska, zaɓina ne, kuma ban taɓa rasa abin zanawa ba.

Admin: Jama'a an amsa cikin ladabi, a tsaya nan. Mun yi wannan a baya har mutum uku suka fita. Kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. A koma kan fenti.

Ɗan Fagge: Na karɓi aikin kwali. Tambaya ta ƙarshe Malam. Ko na dawo, ba ni da salon kaina. Duk abin da na yi kamar na wani ne.

Baban Khalifa: Salo ba a nemansa da fitila, amma bari in ba ka labarin inda na yi karatu. A 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar zane ta Zariya: Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu. Turawa ke koyar da su. Ba su ƙi koyon aikin bature ba, sun koya sarai, amma suka ce kowa ya waiwaya gidansu. Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya koma tatsuniyoyin Urhobo. Grillo ya yi ta zana mutanen Legas cikin shuɗin nan nasa da ko daga nesa ka gani ka san shi ne. Mu da muka zo daga baya mun tarar da marigayi Gani Odutokun, wanda hatsarin mota ya ɗauke a 1995, yana tsinka fentin mai yana kwarara shi a kan kanbas, yana bin inda ya gangara.

Abin da ke min ciwo, a Zariya aka yi wannan tunanin, a tsakiyar gidaje masu zanen bango, kusa da masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Baƙi suka zo suka tuna da gidajensu, mu 'yan gida muna kwafar fuskar 'yan fim ɗin Indiya. Ga aska takwas a wuyan riga, ga zanen ƙwarya, ga aikin dukawa, ga zayyanar Alaramma.

Ɗan Birni (Damagaram): Malam na yarda, amma da sharaɗi. Na gaji da ganin zanen da aka yi shi kamar na kowa, sannan a manna dagi a kusurwa a ce na gida ne. Ko mai kakaki a kan doki, kowa mai kakaki a kan doki. A unguwar Birni nan na zauna na kwafi zanen fuskar wani tsohon gida, sai na gane magini bai auna da ma'auni ba, hagu da dama ba su yi daidai ba, kuma rashin daidain ne ya sa yake da rai. Da na gyara shi ya daidaita a kaye sai ya mutu. Wannan nake so in koya a wurinsu, ba siffar dagin ba.

Baban Khalifa: Ka fi ni faɗa.

Gardin Zayyana: Tunda kuka ambace ni, kuma yaron ya yi kukan tsadar kaya. Mu tawadarmu ba a kanti muke saya ba. Gawayi ko kunkunniyar tukunya, a niƙa, a haɗa da ƙaro. Ta rubutun takarda kuma da bagaruwa da kashin maƙera, ita ba ta wankuwa.

Maman Ilham: Alaramma ai kalar ruwan da muke saya da tsada ma ƙaro ne ke riƙe da ita. Daga Sudan da Chadi da nan ƙasar ake kwasarsa a kai Turai, a dawo mana da shi a ƙaramin akwati. Ni yanzu rabin kalolina ni nake yi. Ga yadda nake yi ga mai so. Ƙaro mai haske, na dakwara, a daka, awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu, ya kwana, a tace da ƙyalle. A sa zuma kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin biyar, ita ke hana shi ƙanƙamewa ya ƙi narkewa daga baya. Ɗigon man kanumfari don kar ya lalace. Ita kuma ƙasar, jar ƙasa ko rawaya, a dama ta a bokiti, a ɗan jira yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan mai kala a wani bokitin, a bar shi ya kwana. Laushin da ya kwanta a ƙasa shi ake so. A shanya, a zuba a kan tayil, a ɗiga ruwan ƙaro, a yi ta murzawa da gindin kofin gilashi har ka daina jin ƙaras-ƙaras. Wannan murzar ita ce aikin, hannu sai ya yi tsami. In ka shafa a takarda ya bushe, goga yatsa. Ya biyo yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. Ya yi ƙyalli yana tsagewa, ya yi yawa. Ina zuba su a murafen lemon kwalba.

Rawayar ƙasa in ka soya ta a busasshen kasko ja take komawa, kala biyu ke nan daga rami ɗaya. Shuɗi kuma bular wanki.

Ɗan Birni (Damagaram): Zoɓo fa? Na ga yana ba da ja mai kyau.

Maman Ilham: Kar ka soma. Na yi wata fulawa da zoɓo da kurkur na rataye a falo, kafin wata biyu ta koma kamar an zubar da shayi. Kalar ganye da fure ba ta jure haske, in ka cire baba na rini. Ƙasa ce ba ta gudu.

Usta Mai Fenti: Tunda an koma ba da sirri, ga nawa, kuma ba wasa a ciki. Kar ka yi aiki da kananzir ko tina, ruwan nan na tsinka fenti, a rufaffen ɗaki, balle inda kake kwana. Ni yanzu ƙirjina ke biyan bashin shekarun da na yi ina shaƙa. Tsumman da ya sha man linsid kuma kar ka dunƙule shi ka jefa a kwali, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shanya shi a buɗe ko ka tsoma a ruwa. Masu lasar bakin buroshi don ya yi tsini su ma su daina, wasu ja da rawayan akwai guba a ciki.

Ɗan Fagge: Salam 'yan zaure, sati biyu ya cika. Goma sha ɗaya na yi, uku sun wuce ni, biyu don ɗaurin aure, ɗaya lalaci ne kawai. Na farkon buta ce, ƙanwata ta ce agwagwa ce. Na takwas albasa biyu a kan tabarma, shi kaɗai nake iya kallo ba kunya, kuma shi ne wanda ƙararrawa ta kaɗa ban gama ba. Malam na ga abin da ka ce, inuwar albasar ba baƙa ba ce, akwai jan tabarma a ciki. Kanbas ɗin dai yana ledarsa. Matsala ɗaya, kwalayen duk sun lanƙwashe kamar kwale-kwale.

Baban Khalifa: Laifina ne, na manta ban ce ka shafa wa bayan ma ba. Gefe ɗaya ya sha ruwa ya ja. Shafa gaba da baya, in ya sha iska ka danne da littattafai ya kwana. Turo min na takwas ɗin ta akwati, ba a nan ba. Ka yanko wasu sha huɗu.

Usta Mai Fenti: Hoton dattijon fa? Ka kira 'ya'yansa ka ce za ka sake musu kyauta. Kanbas ɗin da ke leda ai nasu ne.

Ɗan Fagge: Usta ka bari in gama zagaye na biyu tukuna.

Usta Mai Fenti: Zan tuna maka ran 1 ga wata.

Gardin Zayyana: Maman Ilham, bular nan ta gari kike nufi ko ta dunƙule? Kuma in za a sami jar ƙasar da aka riga aka tace ko cikin gwangwanin madara ne, ina so in gwada a allon wani yaro da zai yi sauka bayan Maulidi.

Maman Ilham: Ta gari, Alaramma, ta dunƙulen akwai abin da ake haɗa mata. Ƙasar akwai, amma sai ranar Laraba yaron da ke kai min saƙo tasha zai dawo.